Tsoron cikin kai ko tsoron cikin gida: wane littafin zullumi za ka ɗauka?

Idan ka jera littattafan nan a gabanka, bangonsu kusan ɗaya ne: gida a cikin duhu da taga guda mai haske, ko mace ta ba da baya, ko rabin fuska a madubi. Masu sayarwa ma kanta ɗaya suke zuba su, wani lokaci har littafi guda a laƙaba masa suna biyu. Ɗaya shi ne wanda ake kira psychological thriller da Turanci, ni kuwa zan riƙa ce masa labarin wasa da hankali. Ɗayan shi ne domestic suspense, wato labarin zullumin cikin gida. Na daɗe ina karanta su duka biyun, kuma na sha ganin wanda ya ɗauki ɗaya da tsammanin ɗayan, ya kai tsakiya ya ajiye, ya yanke hukuncin cewa irin waɗannan littattafai ba su da armashi. Alhali littafin bai yi laifi ba, an haɗa shi ne da wanda ba nasa ba.

Bambancin yana wurin da tsoron ya yi zaune. A labarin wasa da hankali, tsoron yana cikin kai: kan mai ba ka labarin, daga baya kuma naka kan. Kana sauraron mutumin da ba ka da tabbacin ya ga abin da ya ce ya gani. A labarin cikin gida kuwa, tsoron yana falo, yana ɗakin kwana, yana hannun wanda ke riƙe da makullin ƙofa. Na farko yana tambayar me ya faru da gaske. Na biyu yana tambayar wane ne wannan da nake kwana nake tashi da shi.

Bari mu fara da na cikin kai. Ginshiƙinsa shi ne mai ba da labarin da ba a dogara da bakinsa. Wani masanin adabi ɗan Amurka, Wayne C. Booth, shi ya raɗa wa wannan salo suna a 1961, ko da yake marubuta sun daɗe suna aiki da shi kafin nan. Abin da ya kamata mai saye ya sani shi ne, rashin amincin nan iri-iri ne, kuma kowane iri da daɗinsa. Akwai mai labarin da ke yi maka ƙarya da gangan, yana sane. Akwai wanda bai iya riƙe gaskiyar ba ko da yana so. Akwai kuma wanda ke faɗa maka komai tiryan-tiryan, amma zuciyarsa ce ta karkace har bai ga munin abin da yake aikatawa ba.

Na tsakiyar ne ya fi taɓa ni. A Before I Go to Sleep na S. J. Watson, wanda ya fito a 2011, Christine tana farkawa kowace safiya ba ta tuna shekarun da suka shige, ga wani mutum a gefenta yana cewa shi ne mijinta. Duk abin da ta sani game da kanta, ko wani ne ya faɗa mata, ko ta karanto shi a kundin da take rubutawa a ɓoye. A The Girl on the Train na Paula Hawkins, na 2015, Rachel tana hawa jirgin ƙasa zuwa Landan kullum, tana leƙen wani gida ta taga, tana ƙirƙira wa ma'auratan ciki rayuwa mai daɗi a ranta, har ranar da matar ta ɓace. Rachel ta je unguwar a daren, amma giya ta shafe mata abin da ya faru. Wannan ba ƙirƙirar marubuciya ba ce kawai: shan barasa mai yawa yana iya hana ƙwaƙwalwa adana abin da ke faruwa a lokacin, mutum yana tafiya yana magana, gari ya waye babu komai sai guntattaki. Ko mai cikakken hankali ma bai tsira ba. A 1974, Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa mutane fim na haɗarin mota, suka tambaye su gudun motocin. Sauya kalma ɗaya a cikin tambayar ya sauya amsar, kuma bayan mako guda, waɗanda aka yi wa tambayar da kalma mai zafi sun fi yawan cewa sun ga fasasshen gilashi, alhali babu shi a fim ɗin. Ƙwaƙwalwa ba ajiya take yi kamar akwati ba, sake gina abin take yi duk lokacin da aka tuno shi. A kan wannan raunin namu duka ne irin wannan labari yake tsayawa, shi ya sa yake kama mutum ko da bai taɓa shiga halin Rachel ba.

Iri na uku tsoho ne, kuma Patricia Highsmith ce uwarsa. A The Talented Mr. Ripley na 1955, ta zaunar da kai a cikin kan Tom Ripley, saurayi mai kwaɗayin rayuwar wani, har ka tsinci kanka kana fatan kada a kama shi. Caroline Kepnes ta sabunta salon a You na 2014, inda mai sayar da littattafai yake bibiyar wata budurwa ta wayarta da shafukanta na sada zumunta, yana kiran abin da yake yi soyayya. A nan babu wani sirri da ake ɓoye maka. Abin da ke tayar maka da hankali shi ne yadda hujjojin mugu suke shiga kunne cikin sauƙi. Wanda ba ya jure zama a cikin kan azzalumi na tsawon shafi ɗari uku, ya bar wannan reshen.

Sai kuma littattafan da aka gina su kacokan don juyi guda a ƙarshe. The Silent Patient na Alex Michaelides, na 2019, shi ne misalin da kowa ke kawowa. Alicia, mai zane, ta harbi mijinta sau biyar a fuska, daga ranar ba ta sake furta kalma ba, sai Theo, mai aikin warkar da damuwar ƙwaƙwalwa ta hanyar tattaunawa, ya nemi aiki a asibitin da take tsare don ya sa ta magana. Karatun farko yana tafiya kamar ruwa a gangare. Amma a ganina ƙarfin littafin duk yana jingine ne da shafukan ƙarshe. Da zarar ka san su, mutanen ciki sai su yi fayau, ba su da nauyin da zai dawo da kai.

Akwai abin da ke damuna game da wannan ɓangare gaba ɗaya, kuma ina ganin ya dace mai zaɓe ya ji shi. Sau da yawa ana ɗaukar taɓin hankali a mayar da shi abin rufe fuskar mai kisa, ko dalilin da zai sa a ƙi yarda da maganar mace. A zahiri mafi yawan masu fama da larurar ƙwaƙwalwa ba sa cutar da kowa, sun ma fi zama waɗanda ake cutarwa. Haka nan likitocin cikin waɗannan labarai suna keta iyakokin da likitan gaske zai rasa aikinsa a kansu. A karanta don jin daɗin labari, amma kada a ɗauki darasin lafiyar ƙwaƙwalwa daga nan, musamman wanda ke da ɗan'uwa mai jinya ko shi kansa yake shan magani.

To, mu shiga gida. Sunan da ake yayi yanzu sabo ne, domin marubuciya Julia Crouch ta Ingila ce ta fara kiran salon domestic noir a 2013, amma jijiyarsa ta kai 1938. A shekarar ne Daphne du Maurier ta fitar da Rebecca, labarin amaryar da ko sunanta ba a faɗa mana ba, wadda ta tare a katafaren gidan Manderley ta tarar da matar farko, duk da tana kabari, ita ce ke mulkin gidan ta hannun shugabar ma'aikata, Mrs Danvers. Kishi da matacciya ya fi kowane kishi wuya, don ba ta kuskure, ba ta tsufa. A wannan shekarar dai Patrick Hamilton ya rubuta wasan kwaikwayon Gas Light, inda fitilun gida ke dusashewa, kaya ke ɓacewa, miji kuma yana nanata wa matarsa cewa ita ce ta fara zautuwa. Daga sunan wasan nan Turanci ya samo kalmar gaslighting, mai nufin sa mutum kokwanton hankalinsa da gangan, wadda ƙamus na Merriam-Webster ya zaɓa a matsayin kalmar shekara a 2022. Shekara ashirin bayan Rebecca, Celia Fremlin ta rubuta The Hours Before Dawn, game da uwar da jaririnta ya hana ta barci har ta kasa bambance ko 'yar hayar da suka saukar a gidan ce abin tsoro ko gajiya ce ke yi mata gizo. Littafin ya ci kyautar Edgar, wadda ake ba labaran laifi a Amurka, a 1960, kuma har yau ban ga wanda ya kwatanta rashin barcin mai jego kamarsa ba.

Kayan aikin wannan salo ƙanana ne, kuma a nan daɗinsa yake. Ba bindiga ba ce, ba ɗan sanda ba. Waya ce da aka kifa a kan tebur da sauri, katin banki ne da ya koma hannun mutum ɗaya, ƙawa ce da aka daina gayyata ba tare da an faɗi dalili ba, murmushi ne a gaban baƙi wanda ke gushewa da an rufe ƙofa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma marubucin wannan salo yana shigar da kai ɗakin ne ya nuna maka yoyon, alhali maƙwabta suna yaba rufin.

Littattafai biyu sun isa su nuna maka nisan da ke tsakanin mai kyau da mafi kyau a nan. Behind Closed Doors na B. A. Paris, na 2016, yana buɗewa da liyafar cin abinci a gidan Jack da Grace, ma'auratan da kowa ke sha'awa. Jack lauya ne mai kare matan da mazansu ke duka. Amma Grace ba ta da wayar hannu, ba a taɓa ganinta ita kaɗai ba, kuma tun da wuri za ka gane dalili. Littafin yana riƙe mutum, sai dai Jack shaiɗan ne tsantsa, mai tsara mugunta kamar injiniya, irin wanda da wuya ka haɗu da shi. Big Little Lies na Liane Moriarty, 'yar Ostireliya, wanda ya fito a 2014, ya fi kusa da gaskiya nesa ba kusa ba. An yi mutuwa a wani taron iyayen yara a makarantar firamare, ba a faɗa maka ko waye ya mutu ba sai can ƙarshe, ana ta kai ka baya cikin rayuwar iyaye mata uku. Ɗayansu, Celeste, kyakkyawa ce mai arziki, mijinta yana son 'ya'yansa, yana da kyauta, yana kuma dukanta. Bayan duka sai ban haƙuri da tsaraba, ita kuma tana lissafa nata laifin a ranta, tana cewa ai ita ma ta rama. Wannan zagayen, da yadda mace mai ilimi take kasa kiran abin da sunansa, shi ne abin da Moriarty ta kama daidai. Ta kuma cakuɗa shi da raha da gulmar iyaye a bakin makaranta, ta yadda nauyin ba ya danne mai karatu.

Ba banza ba wannan salo ya yi tashe a shekarun nan. A 2015 Ingila da Wales suka mayar da juya abokin zama ta hanyar takura da tsoratarwa laifi a doka, ko da babu duka, da hukuncin da zai iya kai shekara biyar a gidan yari. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ya nuna cewa a cikin mata da 'yan mata kimanin 85,000 da aka kashe da gangan a 2023, wajen 51,100 sun mutu ne a hannun abokin zama ko wani na cikin dangi. Labarin ɗan sanda da ɓarawo yana koya mana tsoron lungu mai duhu. Labarin cikin gida yana nuna inda alƙaluman suka nuna. Saboda haka nake ganin, a cikin salon biyu, shi ne ya fi ɗauke da abin faɗa, kuma shi ne ya fi iya ciwo. Wadda ta taɓa rayuwa a irin wannan gida za ta iya samun sauƙi da ganin an rubuta abin da ta kasa bayyanawa, za ta iya kuma jin an fama mata gyambo. Ita kaɗai ta san wanne ne zai same ta, kuma babu laifi ta ajiye littafin a shafi na ashirin.

Akwai wani ma'auni da ya fi sunan salo amfani wurin zaɓe, kuma daga bakin daraktan finafinai Alfred Hitchcock na same shi, a hirarsa da François Truffaut wadda ta zama littafi a 1966. Ya kawo misalin mutum biyu suna hira a tebur, bam ya tashi a ƙarƙashinsu: mai kallo ya sami firgita ta daƙiƙa goma sha biyar. Amma idan an nuna wa mai kallo bam ɗin tun farko, da agogon da ke tafiya, hirar banza da suke yi sai ta zama minti goma sha biyar na zullumi. Na farko ba-zata ne, na biyu zullumi. Yawancin labaran wasa da hankali na zamani ba-zata suke sayarwa: suna ɓoye maka bam ɗin. Labaran cikin gida masu kyau sukan nuna maka shi, su bar ka da kallon agogo. Ka tambayi kanka wanne ka fi so: a shammace ka, ko a sa ka jira abin da ka san yana tafe? Amsar za ta raba maka kantar gida biyu fiye da duk abin da aka rubuta a bango.

Gone Girl na Gillian Flynn, na 2012, ya taka ƙafa ɗaya a kowane ɓangare, kuma shi ne ya buɗe ƙofar da sauran suka shigo. Amy ta ɓace ranar cikar aurensu shekara biyar, ana zargin mijinta Nick, labarin yana karɓa-karɓa tsakanin bakin Nick da kundin sirrin Amy. Juyin yana tsakiyar littafin, kuma wannan shi ne hikimarsa: bayan an shammace ka, akwai sauran rabin littafi da za ka zauna da abin da ka sani. Ƙarƙashin duka kuma labarin aure ne, na mutum biyu da suka rasa aikin rubutu a New York lokacin karayar tattalin arziki, suka koma wani ƙaramin gari a jihar Missouri, kowa ya gaji da wasan kwaikwayon da ya yi don a so shi. Ƙarshensa yana raba kan masu karatu, wasu suna jin haushinsa ƙwarai. Ni ina ganin shi ne ƙarshen da ya dace da waɗannan mutum biyun. Sai dai in faɗa maka tun yanzu: babu wanda za ka so a cikinsu, kuma harshen littafin yana da zagi da batsa. Wanda ke buƙatar jarumin da zai riƙa yi wa addu'a, ba nan zai same shi ba.

Bayan nasarar Flynn da Hawkins, kasuwa ta cika da kwaikwayo, kuma a nan ne mai saye ya fi buƙatar ido. Juyi ya zama dole, har wasu littattafan suna jera uku ko huɗu a babin ƙarshe. Hanyar gane juyi na gaskiya ɗaya ce: idan ka koma baya, za ka tarar alamun suna nan a fili, kai ne ka karanta su a karkace. Juyin ha'inci kuwa shi ne wanda mai labarin ya yi shafi ɗari biyu yana zance da zuciyarsa, amma bai taɓa tuna babban abin da ya aikata ba, don kawai marubuci yana son ya ɓoye maka. Na farko yana sa ka girmama marubucin. Na biyu yana barin ka da jin an yi maka wayo. Tun da ba za ka iya sanin wannan kafin saye ba, ga abin da nake yi: in karanta shafi talatin na farko, in tambayi kaina, da wani zai faɗa mini ƙarshen yanzu, zan ci gaba? Idan mutanen ciki sun riga sun dame ni, zan ci gaba. Idan son sanin amsa ne kaɗai ke jana, na san littafin dare ɗaya ne.

Littafin dare ɗaya ma yana da ranarsa, ban raina shi ba. The Housemaid na Freida McFadden, na 2022, da The Couple Next Door na Shari Lapena, na 2016, inda iyaye suka bar jaririyarsu 'yar wata shida a gida suka shiga liyafar maƙwabta, suna da gajerun babi da sauƙin harshe. Wanda ya daɗe bai gama littafi ba, ko wanda Turancinsa bai yi zurfi ba tukuna, waɗannan za su dawo masa da ɗabi'ar karatu. Flynn da du Maurier sun fi buƙatar natsuwa da yalwar kalmomi.

Yadda za ka karanta ma yana shiga lissafi. Labaran wasa da hankali sukan yi wasa da lokaci, kwanan watan da ke saman babi yana da muhimmanci. A The Girl on the Train, babin Megan, matar da ta ɓace, yana farawa fiye da shekara guda kafin na Rachel, wanda bai lura ba zai rikice. Irin wannan ya fi daɗi a takarda, inda za ka iya komawa baya ka duba. Labaran cikin gida sukan tafi a miƙe, sun fi dacewa da saurare a kunne. Game da fim kuwa, ka fara da littafin. Muryar cikin kai ita ce jarin waɗannan labarai, kyamara kuma ba ta iya ɗaukarta. Fim ɗin The Girl on the Train na 2016 ya kwashe labarin daga Landan ya kai New York, sannan fim ɗin Rebecca da Hitchcock ya yi a 1940, duk da ya ci kyautar Oscar ta fim mafi kyau, dokokin tace finafinan Hollywood na lokacin sun tilasta masa sauya wani abu da ke tsakiyar ma'anar littafin.

Kada kuma a ɗauka salon na Ingila da Amurka ne kaɗai. Confessions na Kanae Minato, wanda ya fito a Japan a 2008, yana farawa da malama tana yi wa 'yan ajinta jawabin bankwana cikin sanyin murya, tana gaya musu cewa 'yarta ba haɗari ne ya kashe ta ba, kuma waɗanda suka yi suna zaune a ajin. Kowane babi da bakin da ke magana, kowane baki yana rushe na baya. Wasa da hankali ne mai sanyi da kaifi. My Sister, the Serial Killer na Oyinkan Braithwaite, 'yar Najeriya, na 2018, ya ɗauke tsoron daga tsakanin miji da mata ya kai shi tsakanin ya da ƙanwa: Korede, ma'aikaciyar jinya, ita ke goge jinin duk lokacin da ƙanwarta Ayoola ta kashe saurayinta ta kira ta. Tambayar da ke cin ta ita ce iyakar abin da jini ɗaya zai sa ka rufa wa asiri.

Idan za ka fara ne yau, kuma abin da kake so shi ne a rikita ka, ka yi ta zato kana warwarewa, ɗauki The Girl on the Train. Ya fi The Silent Patient mutane masu rai, bai kai Gone Girl ɗaci ba. Idan kana son labarin da za ka gama ka ci gaba da tunanin mutanensa, ka kuma sami abin tattaunawa da wanda ya karanta, ɗauki Big Little Lies. Mai ciki, ko mai jego, ko wanda ya taɓa rasa ɗa, ya yi nesa da The Push na Ashley Audrain, na 2021, da Confessions, da wanda zan ambata yanzu, har sai zuciya ta yi ƙarfi, domin dukansu sun taɓa mutuwar yaro kai tsaye.

Amma da za a ce in zaɓi guda ɗaya tak a cikin na zamani, Chanson douce na Leïla Slimani zan miƙa. Marubuciyar haifaffiyar Maroko ce, littafin ya fito da Faransanci a 2016 ya ci kyautar Goncourt, babbar kyautar adabin Faransa. An fassara shi zuwa Turanci da suna biyu, Lullaby a Ingila, The Perfect Nanny a Amurka, kada ka saye shi sau biyu. Gajere ne. Jimlar farko ta gaya maka cewa jaririn ya mutu, shafukan farko sun gaya maka mai raino ce ta yi. Babu abin da ya rage a ɓoye, amma ba za ka iya ajiye shi ba. Myriam lauya ce a Paris da ke son komawa aiki, ita da mijinta Paul suka ɗauki Louise, wadda ta gyara musu gida da rayuwa har suka kasa yi ba tare da ita ba. Suna sonta, suna tafiya hutu da ita, amma ba su san ɗakin da take kwana ba, ba su san bashin da ke kanta ba, kuma duk lokacin da suka kusa sani sai su kawar da kai don kunya da son sauƙi. Akwai wurin da Myriam ta jefa ragowar kaza a kwandon shara saboda ta fara lalacewa. Da ta dawo daga aiki da dare, sai ta tarar da ƙashin kazar a tsakiyar teburin kicin, an cinye naman tas, an wanke shi da sabulun wanke-wanke, an ajiye mata. Louise ba ta ce komai ba, babu wanda ya ɗaga murya. Na karanta littafin sau biyu, kuma a karo na biyun, da na iso shafin nan, sai da na ajiye shi na ɗan lokaci kafin in iya ci gaba.